Ko firintar 3D za ta iya ƙera mini batir a shagona?

Wani matashi mai gyaran wayoyi da haɗa sola a Marwa ne ya aiko da tambayar nan. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Malam, na ga bidiyo ana cewa yanzu akwai firintar 3D da ke buga batir mai caji. Na tara 'yan kuɗi. In na sayo irinta, zan iya riƙa ƙera batirin waya da na sola a shagona, mu huta da na kasuwa da ke kumbura kafin shekara ta zagayo?"

Ƙanena, Allah ya yi maka albarka da ka yi tambaya kafin ka fitar da kuɗinka. Abin da ka gani a bidiyo gaskiya ne, ana buga batir, kuma masana sun fi shekara goma suna yi. Amma firintar da kuɗinka za su saya ba za ta ba ka batirin da zai kunna waya ko ya riƙe fanka dare ɗaya ba. Ba na so in tsaya a "a'a" kawai, domin mai sana'a irinka ya cancanci sanin dalili, kuma akwai wurin da na'urar za ta yi maka amfani a cikin aikin batir ɗin. Zan zo kansa.

Mu fara da ita kanta na'urar. Hanyoyin ƙira da muka gada kusan uku ne. Masassaƙi yana ɗaukar gungume ya yi ta cirewa har turmi ya fito. Mai zubin tukwanen alminiyam yana narka ƙarfe ya zuba a cikin zubi. Maginiya kuwa tana ɗora laka a kan laka, zagaye bayan zagaye, har randa ta tsaya. In ka taɓa zuwa wajen Pus ko Maga ka ga ɗakunan Musgum masu tsini, waɗanda ake tayarwa da hannu hawa-hawa ba tare da tubali ko katako ba, to ka ga asalin dabarar firintar 3D. Kwamfuta ce ke yanka zanen abu zuwa siraran hawa, na'ura kuma ta shimfiɗa su ɗaya bisa ɗaya. Chuck Hull na Amurka ya sami takardar mallakar fasahar farko a 1986, da ruwan roba mai daskarewa idan haske ya taɓa shi. Irin wadda ta cika kasuwa yanzu, mai narka zaren roba, Scott Crump ne ya ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1980, kuma sai da wa'adin takardarsa ya ƙare a 2009 farashinta ya faɗo. Har a Lome ta Togo, a 2013, Afate Gnikou ya haɗa tasa daga tarkacen tsoffin kwamfutoci. Na'urar ba abin tsoro ba ce, kai da ke buɗe cikin waya kullum za ka iya koyonta a 'yan makonni.

Abin lura shi ne, aikinta ba da siffa ne kawai. Abin da ka zuba mata shi take shimfiɗawa. Batir kuwa rabinsa siffa ne, rabinsa sinadari, kuma wahalar tana wajen sinadarin.

Ka warware ƙwayar batir mai lamba 18650, wadda ake samu a batirin laftof da fitilun caji, mai kaurin milimita 18 da tsawon 65. Ba na ce ka yi da hannunka ba, akwai haɗari, amma ga abin da ke ciki. Dogayen falle ne da aka naɗe kamar tabarma, tsawonsu ya haura rabin mita. Ɗaya fallen alminiyam ne da aka shafe da garin sinadari mai litiyam, shi ne katod, ɓangaren jar waya (+). Ɗayan fallen jan ƙarfe ne da aka shafe da girafait, dangin abin da ke bakin fensir, shi ne anod, ɓangaren baƙar waya (−). Tsakaninsu akwai shamaki na roba mai ƙananan ƙofofi, kaurinsa wajen maikuron 20. Maikuron kashi 1 ne cikin 1000 na milimita, gashin kan mutum kan kai kusan 70. Sai ruwan batir da ya jiƙa su duka. Idan kana caji, litiyam yana barin katod ya ratsa ruwan ya shige cikin girafait. Idan kana amfani da wutar, ya koma gida. Sony ce ta fara sayar da wannan batir a 1991, kuma a 2019 aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel a kansa.

To me ya sa masana suke son buga shi, alhali masana'antu suna yin sa da kyau? A nan maganar take da daɗi, bari in ɗan daɗe.

Ka dubi mai kilishi. Ba don ado yake fere nama siriri ba. In ya bar shi da kauri, rana ba za ta kai cikinsa ba, labu ma zai tsaya a baya. Haka shafen da ke kan fallen batir. Ana barin sa tsakanin maikuron 50 zuwa 100 saboda litiyam ya iya kaiwa ƙasansa da sauri. Matsalar ita ce, duk siririn shafe sai an ba shi fallen ƙarfensa da shamakinsa, su kuma ba sa ajiye wuta ko kaɗan, nauyi ne kawai da cin wuri. Sai ka ce to a ƙara kauri mana. In an ninka kauri sau biyu, lokacin da litiyam zai ɗauka ya ratsa yana ninkuwa kusan sau huɗu, ga shi hanyar da yake bi tsakanin ƙwayoyin garin a karkace take kamar lungunan tsohuwar unguwa. Batir mai kaurin shafe yana ɗaukar wuta da yawa amma ba ya iya ba da ita da sauri, in kuma aka matsa masa da caji mai ƙarfi sai litiyam ya taru a saman girafait a matsayin ƙarfe, ya fara fitar da tsinke da ka iya huda shamaki. Wannan ja-in-ja tsakanin yawan ajiya da saurin bayarwa shi ne ciwon kan masu ƙera batir tun fil azal.

Firinta tana ba da mafita ta fuskar siffa. Maimakon shafe a shimfiɗe, ana iya gina katod mai kauri amma da miƙaƙƙun hanyoyi a cikinsa, kamar soson wanka ko saƙar zuma, ruwan batir ya shiga ko'ina. Ko a gina katod da anod kamar mataji biyu da aka cusa haƙoransu cikin juna, ta yadda komai tsawonsu tazarar da ke tsakaninsu gajera ce. Wannan na biyun shi ne abin da Jennifer Lewis ta jami'ar Harvard da Shen Dillon na jami'ar Illinois suka nuna a 2013. Sun dama garin sinadarin ya zama kamar man goge baki, suka matso shi ta bakin allura mai faɗin maikuron 30, daidai yadda mai zanen lalle ke matsa ledarta, hawa bisa hawa. Bayan nan suka gasa shi a zafin da ya kai kimanin digiri 600. Batir ya fito, ya ɗauki caji, ya ba da wuta. Girmansa kuwa kamar ƙwayar yashi. A 2018 rukunin Rahul Panat a jami'ar Carnegie Mellon ya bi wata hanya, ya fesa ɗigo-ɗigon azurfa ya gina raga mai ƙofofi, ya nuna cewa ragar ta fi dunƙulen azurfa ɗaukar caji nesa ba kusa ba. Ilimi ne na gaske, kuma ina girmama shi.

Gwajin da ya fi kusa da tambayarka shi ne na jami'ar Duke, shi ma a 2018, domin su da firinta mai arha suka yi, irin wadda kake tunanin saye. Sun cakuɗa garin batir cikin robar PLA, suka buga munduwa mai batir a jikinta. Ta kunna ƙaramar koriyar fitila na kimanin minti ɗaya. Su da kansu suka ce ajiyarsa ta yi ƙasa da ta batirin kasuwa kusan sau ɗari. Dalilin a fili yake. Kafin zare ya narke ya bi ta bakin firinta ba tare da ya tsinke ko ya toshe ba, dole roba ta yi yawa a cikinsa, roba kuwa ba ta ajiye wuta kuma ba ta barin ta wuce. A batirin masana'anta, garin da ke ajiye wuta ya haura kashi 90 cikin 100 na shafen. A zaren firinta da wuya a kusanci haka. Alexis Maurel, wanda ya yi aiki a kan zaren girafait a Amiens ta Faransa, ya tura yawan garin sama sosai, amma sai da ya ƙara sinadarin tausasa roba don kada zaren ya riƙa karyewa. Ga kuma maganar kauri: firintar gida tana shimfiɗa hawa mai maikuron 100 zuwa 200, shamakin da ake bukata kuma 20 ne, ba tare da huda ko ɗaya da za ta bar katod ya taɓa anod ba.

Yanzu mu yi lissafin ɗan kasuwa. A ɗauka firintarka tana ja layi mai faɗin milimita 0.4, tana gudun milimita 50 a daƙiƙa. A awa ɗaya ba za ta rufe ko kashi ɗaya cikin goma na murabba'in mita ba. Injin shafe na masana'anta, a ɗauka faɗinsa mita ɗaya yana gudun mita 30 a minti, wanda ba shi ne mafi sauri ba, yana rufe murabba'in mita 1800 a wannan awar. Bambancin ya haura sau dubu ashirin. Batirin sola mai bolt 12.8 da amfiya-awa 100, irin wanda kake ɗaura wa mutane, yana ɗauke da wutar da ta kai ta ƙwayoyin 18650 sama da ɗari. Ka ga ko da sinadarin na hannunka, lokaci kaɗai zai cinye ribar. Manyan batura da aka girka a tashoshin sola na Marwa da Gidar, waɗanda ke tallafa wa wutar madatsar ruwan Lagdo idan ruwan Binuwai ya ja baya, duk ta tsohuwar hanyar shafe aka yi su. Akwai kamfanoni irin su Sakuu na Kalifoniya da ke sayar da injin buga katod da anod ba tare da jiƙa garin ba, kuma dabarar tana da ma'ana domin busar da shafe na cin wuta mai yawa a masana'anta. Amma injin masana'anta ne, ba na shago ba. Idan ka ga tallar kamfani, ka tuna da maganar Hausawa: ba girin-girin ba, ta yi mai.

Abin da ya fi damuna a shirinka shi ne lafiyarka. Ruwan batirin litiyam yana ɗauke da wani gishiri da in ya haɗu da laimar iska yake haifar da guba mai cin fata har zuwa ƙashi, kuma ruwan da aka narka shi a ciki yana kamawa da wuta kamar fetur. Shi ya sa ake haɗa ƙwayoyin a ɗakin da aka tsotse wa laima har ta sauka ƙasa da kashi 1 cikin 100. Wani ɗalibi ya taɓa ce mini ai iskarmu ta hunturu a bushe take, har leɓe na tsagewa. Gaskiya ne, amma ko a tsakiyar hunturu laimarmu ta ninka wancan ma'auni sau da yawa, kuma tana zuwa da ƙurar da iska ke kwasowa daga Bodele ta Chadi. Ƙwayar ƙura ko ɓurɓushin ƙarfe guda ɗaya a kan shamaki ya isa ya haɗa jar waya da baƙa a cikin batir bayan watanni, lokacin da yake ƙarƙashin matashin kan wani. Bayan an rufe ƙwaya kuma akwai cajin farko da ake yi a hankali, a ajiye ta kwanaki ana auna ta, kafin a yarda ta fita. Firinta ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai. Garin ma ba a haƙo shi a zuba. Muna da kobalt da nikel a Nkamuna can gabashin Kamaru, Mali da Zimbabuwe suna haƙar litiyam, Kwango ce ke ba duniya mafi yawan kobalt, amma tace su zuwa garin batir yawanci a Sin ake yi.

To ina amfanin na'urar gare ka? A jikin batir, ba a cikinsa ba. Wanda ya iya haɗa ƙwayoyi ya mayar da su fakiti ɗaya mai aminci yana da kasuwa a garuruwanmu yau ɗin nan, kuma abin da ke ba shi wahala sau da yawa shi ne mazauni: ragar da ke riƙe ƙwayoyi ta bar iska a tsakaninsu, murfin da ke rufe kawunansu, akwatin da ya dace da fitila ko rediyo ko injin aski da aka daina kawo kayan gyaransa. Waɗannan firinta tana yin su da kyau, a girman da kake so. Sai dai ka kula da irin robar. PLA ita ce mafi arha da sauƙin bugu, amma tana fara laushi a wajen digiri 60. Na taɓa buga mazauni da ita na bar shi a ɗakin kwano a nan Garwa cikin watan Afrilu, da na dawo ya lanƙwashe, ƙwayoyi biyu sun kusa taɓa juna. Tun ranar ban ƙara ba. PETG tana jurewa zuwa wajen digiri 80, ABS da ASA kuma zuwa wajen 100, su ne suka dace da zafinmu. Zaren yana shan laima da damina, sai ka adana shi a rufaffen bokiti. Kuma bugu ɗaya na iya cin awa biyar ko shida, in wuta ta ɗauke a tsakiya aikin ya lalace, don haka firintar ma tana bukatar batirinta.

Da ni ne kai, ba da firinta zan fara ba. Zan fara da na'urar auna ajiyar ƙwaya, wadda ke cika ta ta sauke ta ta faɗa maka gaskiyar abin da ta ɗauka. Da ita za ka gane jabu. Ƙwayar 18650 ta gaske da wuya ta wuce wajen 3500 mAh, wato ma'aunin ajiyarta, duk wadda ka ga an rubuta 9900 a jikinta ƙarya ce, kuma irinsu sun cika kasuwa. Sai injin walda na ɗigo da zirin nikel, domin ɗora ƙarfen dalma mai zafi a kan ƙwaya yana ƙona abin da ke cikinta. Sai allon kariya, wanda kuke kira BMS, mai hana caji ya wuce iyaka ko ya sauka ƙasa da kima. Kada fakiti ya bar shagonka babu shi, ko da mai shi ya roƙe ka don a rage masa kuɗi. In tsoffin ƙwayoyin laftof za ka yi aiki da su, wadda ta sauka ƙasa da bolt 2 ka ajiye ta gefe, wadda ta yi zafi wajen caji ko ta zubar da wutarta bayan mako biyu a ajiye ita ma haka, sauran kuma ka haɗa masu ajiya kusan ɗaya a layi ɗaya.

Don aikin sola, ina ba ka shawarar LFP, wato litiyam da ƙarfe da fosfet, wanda rukunin Goodenough ya bayyana a 1997. Ƙwayarsa bolt 3.2 ce, huɗu a jere su ba ka 12.8. Ta fi sauran nauyi kaɗan, amma ba ta saurin kamawa da wuta, babu kobalt a cikinta, kuma tana jure caji dubbai. Kada ka taɓa cakuɗa ta da mai bolt 3.7 a fakiti ɗaya, iyakar cajinsu ba ɗaya ba ce. Kumburin da kake kuka da shi kuwa, sau da yawa daga jabu ne ko daga zafi. Batirin dalma, irin na mota, yana rasa kusan rabin rayuwarsa a duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25, na litiyam ma ba a so a yi masa caji sama da digiri 45. Mu da inuwarmu kan haura 40 daga Maris zuwa Mayu, wurin da ka ajiye batir a gidan mutum yana da muhimmanci kamar irin batirin. Ka nema masa ɗakin ƙasa ko wuri mai iska, nesa da kwano da wurin kwana, kuma ka ajiye bokitin yashi a shago.

Ba na so ka ji kamar na rufe maka ƙofar binciken kansa. Batirin da aka buga zai fara samun gida ne a wuraren da siffa ta fi farashi daraja: na'urar taimaka wa ji da ke shiga cikin kunne, ƙananan na'urorin da likitoci ke dasawa a jiki, kayan sawa masu lantarki, da tafiyar sararin samaniya inda ba a iya aika kayan gyara. Kuma akwai gwajin da za a iya yi a nan ba tare da ɗakin busasshiyar iska ba. Batir mai zinki da manganis yana aiki da gishirin zinki da aka narka a ruwa na talakawa, ba ya kamawa da wuta, kuma masana na ƙoƙarin sa shi ya jure caji da yawa. Ana iya cire kan firinta mai arha a ɗaura sirinji a wurinsa, ya riƙa matso damammen gari kamar yadda aka yi a Harvard, ko da layin bai kai nasu sirantaka ba. Wannan aiki ne da ya dace da ɗaliban makarantar injiniya ta jami'ar Marwa ko na Ngaundere, kuma irin waɗannan ɗalibai suna bukatar mai hannu irinka, wanda ya iya walda da awo da gyaran na'ura idan ta tsaya. In kana da sha'awa, ka je ka gabatar da kanka.

Kafin nan, ka sayi na'urar awon, ka auna ƙwayoyi ashirin daga cikin waɗanda ke shagonka yanzu, ka rubuta abin da aka buga a jikin kowacce da abin da ta ba ka, ka turo mini. Daga nan sai mu zauna mu tsara fakitinka na farko, mu ga ko mazauninsa na bukatar firinta ko katako da roba za su wadatar. Ka gaishe da mutanen gida.